Kwalbar «na haƙori»: yadda aka bi jinin jarirai a kotu, daga Shika zuwa Kano

Duk wanda ya taso a ƙauyukan arewacin Kano, tsakanin Minjibir da Ɗambatta, ko Bichi da Kunci da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona har ba ka gane inda wannan gari ya ƙare wancan ya soma, ya san inda jariri yake barci. Da rana yana bayan uwarsa, an ɗaure shi da zani da majanyi, tana surfe ko tana ɓarar gyaɗa. In ya yi nauyi a sauke shi kan tabarma a inuwar ɗaki, a sa yayarsa ta riƙa kore masa ƙuda. Da dare kuma yana gefen uwar, cikin gidan sauro in akwai. Ba kasafai ake fitar da kuɗi a sayi gado ko kujera domin barcin jariri ba. Abin da ake saye don yaro ya yi shiru ya runtsa, a kwalba yake zuwa.

Yaro ya kai wata shida ko bakwai, jikinsa ya yi zafi, ga zawo, ga kukan da ya hana kowa sakat. Tsofaffin gida su ce haƙori ne. Gari na wayewa a ba wani ɗan yaro kuɗi a ce ya je kemis ya ce a ba shi na haƙori. Ba a faɗin sunan magani, ba a karɓar rasit. Abin da mai kemis ya ɗauko daga kanta, shi za a ɗura.

Irin wannan kwalba ce ta jawo wata babbar shari'a a Najeriya kan kayan jarirai. A watan Nuwamban 2008, ana tsakiyar kaka, likitocin yara a asibitocin koyarwa na Legas da Ibadan da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya suka fara karɓar yara masu alama iri ɗaya. Zazzaɓi, amai, gudawa, daga nan sai fitsari ya ɗauke ɗif. Kwana biyu, uku, ba ko ɗigo. Ƙoda ta tsaya. Da aka riƙa tambayar iyaye me suka ba yaran a gida, sai suna ɗaya ya yi ta dawowa: My Pikin, wani maganin ruwa na haƙori mai ɗauke da farasitamol, wanda kamfanin Barewa Pharmaceuticals na Legas yake yi.

Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a makonnin ƙarshe na shugabancin Farfesa Dora Akunyili, ta gwada maganin ta sami gubar dayetilin gilaikol a ciki. Sinadari ne na masana'antu, da shi ake haɗa man birki da ruwan sanyaya injin mota. Masifarsa ita ce yana da zaƙi, ba shi da launi, ba shi da wari, kuma a ido ba ka raba shi da furofilin gilaikol, wanda shi ne halastaccen ruwan da ake narka magani a ciki. Ya kuma fi shi araha. Kamfanin ya sayo kayan haɗinsa daga hannun dillalin sinadarai marar lasisi, aka zuba a tukunyar haɗi, aka cika kwalabe, aka liƙa musu lambar hukuma. Uwar da ta ga ɗanta ya lashe cokalin ba gardama, zaƙin gubar ne ya ji.

Zuwa watan Fabrairun 2009, Ministan Lafiya Farfesa Babatunde Osotimehin ya bayyana cewa yara 84 sun mutu. Ƙwararrun da suka bi sawun cutar tare da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun tantance yara 57, a cikinsu 54 ba su tashi ba. A lura da inda aka yi wannan ƙidaya: manyan asibitoci masu ɗakin gwajin jini da injin wankin ƙoda. Yaron da fitsarinsa ya ɗauke a wani ƙauye a bayan Makoɗa, aka kai shi makwanci kafin la'asar, aka ce wa uwarsa Allah ya sa mai ceto ne, ba ya shiga kowane lissafi.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne ba karon farko ba ne. A 1990 wannan guba ɗin dai, a cikin farasitamol na ruwa, ta kashe yara 109 a ƙasar nan, 47 daga cikinsu a asibitin koyarwa na Jos. Wannan rashi yana cikin dalilan da suka sa aka kafa NAFDAC a 1993. Shekara 18 bayan Jos, guba ɗaya, hanya ɗaya, ta sake shigowa ta ƙofar da aka ce an sa mata mai gadi.

An gurfanar da kamfanin da mai shi da ma'aikata biyu a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas a 2009. Mai kamfanin ya rasu ana cikin shari'a. Ranar 17 ga Mayun 2013, Mai shari'a Okechukwu Okeke ya yanke wa manajan sarrafa magani da jami'in tabbatar da inganci ɗaurin shekara bakwai-bakwai, ya kuma ba da umarnin a rufe kamfanin, kadarorinsa su koma hannun gwamnatin tarayya. An yaba wa hukuncin, kuma ya cancanci yabo, don ba a saba ganin mai haɗa magani ya shiga gidan yari a nan ba. Sai dai shari'ar laifi ce, tsakanin gwamnati da waɗanda ake tuhuma. Iyayen yaran ba su ne masu ƙara ba, kuma dukiyar da aka ce a ƙwace, baitulmali aka nufa da ita.

Wanda ke son ganin inda iyaye da kansu suka tsaya suka ce a biya su, sai ya dawo Kano, ya koma 1996. A bazarar shekarar annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasari a Arewa. Daga ƙauyuka aka riƙa kwaso yara a motocin haya zuwa asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da IDH, inda likitocin sa-kai na ƙungiyar MSF suke aiki ba dare ba rana. A wannan harabar tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta sauka, ta ware yara 200, ta ba kusan rabinsu sabon maganin da take gwadawa mai suna Trovan, sauran ta ba su wani sanannen magani don kwatantawa. Cikin 'yan makonni ta tattara ta tafi. Yara 11 suka mutu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar gaɓɓai.

Kamfanin bai taɓa amsa laifi ba. Matsayinsa shi ne sanƙarau ne ya yi ɓarnar, maganinsa ceton rai ya yi, kuma an yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, ko ya nuna musu cewa ga magani sananne kyauta a ɗaya gefen asibitin. A Disamban 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahoto a 2001, ya ce gwajin ya saɓa ƙa'ida, amma rahoton ya kwanta a ofis har 2006 kafin jarida ta fito da shi.

Daga nan sai doguwar tafiya. A 2001 wasu iyalai suka shigar da ƙara a birnin Niyok. Kotu ta yi ta cewa su koma gida a yi shari'ar, har watan Janairun 2009 da kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da hurumin a saurare su a Amurka. A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta shigar da tata ƙarar tana neman sama da dala biliyan 2. A Yulin 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75: miliyan 35 asusun biyan waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Ginin wani asibiti da aka yi a Kwanar Dawaki daga kaso na biyun ya fito.

Wurin rabon diyyar ne aka ga raunin talaka tsirara. Yara 200 aka yi wa gwajin, amma sama da mutum 500 suka fito suna cewa da nasu a ciki. Bayan sama da shekara goma, katin asibiti ya ɓata a gidaje da yawa, gara ta ci wani, damina ta lalata wani, ga sunaye irin su Abdullahi da Hauwa da kowane gida ke da su. Sai kwamitin amintattu, wanda tsohon alƙalin Kotun Ƙoli Mai shari'a Abubakar Bashir Wali ya jagoranta, ya dogara da gwajin ƙwayar halitta: a ɗebi yawun mai nema a gwada da samfurin da aka ɗiba daga jikin yaran a 1996. Wasu iyalan suka ƙi, suka ce wanda ya cuce su da gwaji ba zai sake gwada su ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. A Agustan 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Kafin nan Kano ta riga ta biya wani farashin: tunawa da Trovan na cikin abin da ya ba jita-jitar allurar shan-inna ƙarfi a 2003, aka dakatar da rigakafi kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

A can Amurka kuwa, inda jariri ke kwana shi kaɗai a abin da aka sayo masa, rigimar kan makwancin ne kansa. A 2009 kamfanin Fisher-Price ya fitar da wata kujerar barci mai lilo, Rock 'n Play, wadda ke kishingiɗar da jariri a karkace kamar digiri 30. Wuyan sabon haihuwa bai yi ƙwari ba. In ya kishingiɗa haka kansa kan rinjayo gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta matse, ko ya mirgina fuskarsa ta nutse a lallausan ƙyalle ya kasa ɗagowa. Shawarar likitocin yara tun da daɗewa ita ce a kwantar da jariri a rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, a miƙe, ba matashi ba tarkace. An sayar da kujerun miliyan 4.7 kafin a janye su a Afrilun 2019, lokacin an ƙirga mace-mace sama da 30. Zuwa Janairun 2023 adadin ya kai kusan 100. Iyaye suka yi ta shigar da ƙara ɗai-ɗai, aka sasanta da yawa a wajen kotu, masu sayen kujerar suka haɗu a ƙara guda aka amince da dala miliyan 19 a 2024, majalisar ƙasar kuma ta haramta irin waɗannan makwantai a 2022.

Abin da ya ba waɗancan iyaye ƙarfi shi ne kowace mutuwa an bincike ta an rubuta, har aka tara su aka ga suna nuna abu ɗaya. Na kawo labarin ne kuma don kayan jarirai na gwanjo suna shigo mana dila-dila, kujeru da kekuna da 'yan gadaje, yanzu har sun fara shiga kayan suna a ƙauye, sanarwar janyewa kuwa ba ta biyo su cikin kwantena. A wurinmu in jariri ya kwana bai tashi ba, abin da ake raɗawa a bayan ɗaki shi ne uwar ce ta danne shi cikin barci. A bar jaki a daki taiki, ita kuma ta ɗauki wannan nauyi har ƙarshen ranta.

Sau da yawa nakan ji ana cewa neman diyya ba ɗabi'armu ba ce, mu mutanen haƙuri ne, wanda ya ba da shi ya karɓi abinsa. Haƙuri gaskiya ne, amma duk almajirin da ya karanta Risala a zauren malaminsa ya wuce ta babin diyya: raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinare a kisan kuskure, kuma ran jinjiri rai ne cikakke. Malaman Malikiyya sun daɗe da ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya lalace a hannunsa. Dokar kare masu sayen kaya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ita ma ta ba wanda kaya marar inganci ya cutar damar neman diyya daga wanda ya samar da shi. Manomin da ke Kunci yana da hujja a littafin malam, yana da ita a littafin gwamnati. Abin da ba shi da shi kuɗin lauya ne, da likitan da zai rubuta musabbabin mutuwa, da shaidar abin da ɗansa ya sha. Ko a Gambiya, inda magungunan tari na ruwa daga Indiya suka kashe yara kusan 70 a 2022, sai da iyaye suka haɗa kai suka zama ƙungiya kafin ƙararsu ta shiga babbar kotun Banjul.

A shari'ar My Pikin ta Legas, abin da masu gabatar da ƙara suka riƙe gam shi ne lambar rukunin haɗi da ke jikin kwalbar, 02008, don ita ce ta haɗa tukunyar da aka dama gubar da sakamakon ɗakin gwaji. A gidajenmu kuwa, in magani ya ƙare, kwalinsa shi ake fara yagewa a hura wuta da shi. Kwalbar a jiƙa ta a ruwa har takardar jikinta ta saɓule, a wanke ta tas, a zuba man gyaɗa ko turare a ajiye a kan kwano.