Zauren Gyaran Waƙa: Daga Rumfar Nabiga Zuwa Zaurukan Malamanmu

 

'Yan uwa, kwanakin baya wani ɗalibina ya kawo mini waƙar da ya rubuta domin walimar saukar karatu, ya ce in duba masa. Da na nuna masa baitoci uku da karinsu ya karye, sai na ga ransa ya ɓaci, ya ce ai abokansa duk sun karanta sun yaba, kuma shi a saninsa waƙa baiwa ce, ba a koya wa mutum ita. Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma na taɓa faɗin irin wannan magana. To amma abin ya tsaya mini a rai, har ya sa na koma littattafan adabin da muka karanta, ina bin yadda manyan mawaƙa suka ƙware. Abin da na tarar shi ne, da yawa daga cikinsu sun zauna a gaban wani, cikin tsaransu, an saurare su kuma an gyara musu.

Mu fara da kasuwar Ukaz, wadda take ci tsakanin Nakhla da Ɗa'ifa a watan Zulƙida tun kafin zuwan Musulunci. Malaman adabi sun ruwaito cewa akan kafa wa Nabiga az-Zubyani rumfar jar fata, mawaƙa su riƙa zuwa suna karanta masa abin da suka tsara a gaban jama'a. A wani zama A'asha ya karanta, Khansa'u ta karanta, sannan Hassanu ɗan Sabit ya kawo baitocin alfahari da danginsa. Nabiga ya yarda cewa shi mawaƙi ne, amma ya kama shi a wuri biyu. Na farko, da zai ambaci akusan baƙi da takubban mutanensa, ya yi amfani da sigar jam'in da ke nuna kaɗan, alhali yawa yake son nunawa. Na biyu, ya yi alfahari da waɗanda suka haifa, ya bar waɗanda suka haife su. Ya kai mai karatu, ka lura da irin wannan gyara. Bai ce masa waƙar ba ta yi daɗi ba ya yi shiru. Ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya kuma faɗi dalili.

Shi kansa Nabiga bai tsira daga gyara ba. An ruwaito cewa akwai aibin da ake kira iƙwa'i a wata waƙarsa, wato harafin amsa-amo ya zo da kisira a wani baiti, ya zo da rufu'a a wani. Da ya shiga Yasriba, mutanen garin suka ji nauyin faɗa masa kai tsaye, sai suka sa wata mawaƙiya ta rera baitocin tana jan wasulan ƙarshe. Da kunnensa ya ji saɓanin, ya gane, ya gyara. A nan akwai darasi biyu: hanya mafi sauƙi ta gano ɓaraka ita ce ka ji waƙarka a bakin wani, kuma ana iya gyara wa babba ba tare da an kunyata shi ba.

Sai dai Ukaz taron shekara-shekara ne. Ainihin makarantar tana cikin tsarin da Larabawa suke kira riwaya. Yaron da ke son waƙa yakan lazimci wani mawaƙi ya zama rawinsa, ya haddace waƙoƙinsa, ya riƙa isar da su ga kabilu, har kunnensa ya saba da awo. Zuhairu ɗan Abi Sulma rawin Ausu ɗan Hajar ne, mijin mahaifiyarsa. Huɗai'a ya yi wa Zuhairu da gidansa riwaya, Hudba ɗan Khashram ya yi wa Huɗai'a, Jamilu ya yi wa Hudba, Kusayyir kuma ya yi wa Jamilu. Wannan silsila ta taso daga Jahiliyya har cikin zamanin Banu Umayya, kamar dai yadda muke jero isnadin karatu.

Manyan waƙoƙin Zuhairu ana kiran su Hauliyyat, domin shekara guda suke ɗauka. An ce yakan yi wata 4 yana tsarawa, wata 4 yana tacewa, wata 4 kuma yana bijiro da ita ga makusantansa masana waƙa, kafin ya fitar da ita ga jama'a. Kashi ɗaya cikin uku na aikin ke nan yana hannun wasu. Saboda wannan wahala ne Asma'i ya kira Zuhairu da Huɗai'a da ire-irensu bayin waƙa. Ɗansa Ka'abu kuwa, an ruwaito cewa uban ya hana shi waƙa yana ƙarami, don tsoron kada ya faɗi mai rauni a riƙa yawo da ita. Da ya ƙi hanuwa, sai ya fita da shi ya jarraba shi: uba ya faɗi baiti, ɗa ya kawo na biye da shi a kan kari ɗaya da amsa-amo ɗaya. Da ya ga ya iya, sannan ya yi masa izini. Wannan Ka'abu shi ne ya tsaya gaban Manzon Allah (SAW) a shekara ta 9 bayan Hijira ya karanta Banat Su'ad.

Akwai kuma gyaran da ya shafi abin da waƙa take ɗauke da shi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa lokacin da Hassanu zai mayar wa mawaƙan Ƙuraishawa martani, Annabi (SAW) ya ce kada ya yi gaggawa, ya tura shi wurin Sayyidina Abubakar, wanda ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, domin ya rarrabe masa ita. A lokacin Hassanu ya riga ya shahara, amma ƙwarewarsa a awo ba ta wadatar da shi daga mai ilimin abin da zai yi magana a kai ba. Matasanmu masu rubuta waƙoƙin wa'azi da tarihi su riƙe wannan da kyau.

Da aka shigo ƙarni na 2 na Hijira, birnin Basra ya zama cibiya. A nan Khalil ɗan Ahmad ya tsara ilimin aruli, ya fitar da baharai 15, abin da ya shahara kuma shi ne Akhfash ya ƙara na 16. A nan ne kuma Abu Nuwas ya zauna gaban Khalaf al-Ahmar. Labarin da ake bayarwa shi ne, ya nemi izinin fara waƙa, Khalaf ya ce sai ya haddace waƙoƙi 1,000 na magabata. Da ya haddace ya karanta masa, sai ya ce ya je ya manta da su, daga nan ya ba shi izini. Ibn Khaldun ya kawo wannan ma'ana a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377: a yawaita hadda har malaka ta zauna a rai, sannan a saki lafuzzan da aka haddace domin kada su ɗaure harshe.

Ibn Sallam al-Jumahi ya kawo wata hira da ta dace da ɗalibina. Wani ya ce wa Khalaf, idan ya ji waƙa ta yi masa daɗi, bai damu da abin da Khalaf da abokansa za su ce ba. Khalaf ya tambaye shi: idan ka karɓi dirhami ya yi maka kyau, ɗan canji ya ce jabu ne, kyan da ya yi maka zai amfane ka?

Wannan al'ada ta iso mu tare da littattafanta. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗa a Ida'un Nusukh cewa ya karanta Ishiriniya da Witiriyya da waƙoƙin mawaƙa shida a wurin yayansa Shehu Usmanu. Cikin shidan nan akwai Nabiga da Zuhairu da muka ambata. Ishiriniyar da yara ke rerawa a makarantun dare ma aikin mutum biyu ce, asalin baitocin na Alfazazi ne, Ibn Mahib ya yi musu tahamisi. Tahamisi shi ne a ƙara ɗango uku a kan baiti mai ɗango biyu, a kiyaye kari da ma'ana, kuma kusan irin jarrabawar da Zuhairu ya yi wa ɗansa ce. Gidan Shehu sun yi wannan aiki a tsakaninsu: wani ya tsara da Fulatanci ko Larabci, Nana Asma'u ko ɗan uwanta Isa su mayar da ita Hausa ko su yi mata tahamisi. A zamanin boko kuma an sami ƙungiyar Hikima a Kano ƙarƙashin Alhaji Mudi Sipikin, wadda ta haɗa marubuta waƙa a shekarun 1970.

Ni kaina na ɗanɗani wannan zama. Ina ɗan shekara 19 na kai wata waƙar yabon Annabi mai ƙwar biyu zauren wani dattijon malami a unguwarmu, inda mutum biyar ko shida suke haɗuwa ranar Alhamis bayan la'asar. Bai bari na karanta da kaina ba, sai ya miƙa wa na kusa da ni. Duk inda ni nake jan murya in rufe giɓi, shi mai karatun sai ya yi tuntuɓe. Malam ya sa muka riƙa buga gaɓoɓin da yatsa a kan tabarma, doguwa da gajera, har na ga inda gaɓa ta ɓace da idona. A wani baiti kuma ya tambaye ni littafin da na samo wata mu'ujiza da na ambata, na rasa amsa, ya ce a cire. Cikin baiti 24, guda 9 ne suka tsira. Na koma gida ina fushi, na yi mako biyu ban je ba. Yau kuwa da waɗannan guda 9 nake koya wa ɗalibai aruli.

Saboda haka shawarata ga 'yan uwa matasa ita ce, ku haɗu ku huɗu zuwa bakwai, ku nemi wanda ya san aruli da harshe ya jagorance ku, ko da sau ɗaya ne a mako. Ku fara kowane zama da haddar waƙar wani magabaci. Kowa ya ba wani waƙarsa ya karanta a bayyane, shi kuma ya yi shiru har a gama. Mai gyara ya nuna kalmar ya faɗi dalili, kamar yadda Nabiga ya yi, ya kuma tausasa kamar mutanen Yasriba. Abin da ya shafi hukunci ko tarihi a kai shi ga masaninsa. Kada a fitar da waƙa ranar da aka gama ta.

Ɗalibin nan nawa ya dawo bayan kwana goma da baitocin uku. Biyu sun miƙe, ɗaya har yanzu yana ɗingishi, mun ajiye shi sai zaman Alhamis mai zuwa, kuma ya ce zai zo da abokansa biyu. Allah Ya ba mu haƙurin karɓar gyara, Ya sa abin da muke rubutawa ya amfane mu duniya da lahira.