Darasin Auna Fahimta a Firamare: Gane Ra'ayin Marubuci da na Taurarin Labari

Wannan shafi yana daga cikin bayanan da muke kawo wa iyayen yara, malaman makaranta, dagatai da masu unguwanni, da kuma ma'aikatan sashen ilimi na ƙananan hukumomin Kudan, Maƙarfi da Ikara, dangane da darussan da ake koyarwa a makarantun firamare. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, aka kuma kafa dokarsa a 2004, an fi mayar da hankali a kan shigar da yara makaranta. To amma shiga aji daban, fahimtar abin da aka karanta kuma daban. A nan za mu yi bayani a kan ɓangare guda na darasin auna fahimta, wato yadda yaro zai gane ra'ayin wanda ke magana a cikin rubutu.

Abin da ake nufi

A darasin auna fahimta malami yakan ba ɗalibi gajeren rubutu ya karanta, sa'annan ya yi masa tambayoyi a kai. Yawancin tambayoyin su ne wane ne, a ina, yaushe, nawa. Irin waɗannan yaro zai iya bin layi da yatsa ya tsinto amsarsu ko da bai fahimci labarin ba. Akwai kuma wata irin tambaya wadda yatsa ba ya tsinto ta: wa ke ba da wannan labari, yaya yake ji game da abin da ya faru, kuma da me ka gane haka?

Domin amsa ta, wajibi ne yaro ya rarrabe tsakanin mutum uku: marubuci, wanda ya riƙe alƙalami; mai ba da labari, wato muryar da marubuci ya zaɓa ta yi magana; da taurari, wato mutane ko dabbobin da abin ke faruwa da su. Kowannensu yana iya samun ra'ayinsa, kuma ba lalle ne ra'ayoyin su zo ɗaya ba. Akwai na huɗu da aka fi mantawa da shi, shi ne yaron da kansa, domin sau da yawa abin da yake so shi yake liƙa wa marubuci.

Misalai daga littattafan Zariya

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin a Zariya, maƙwabciyarmu, aka fito da littattafan da suka fi bayyana wannan al'amari. Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito a 1934, bayan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933. A cikinsa tauraron littafin, Alhaji Imam, shi ke ba da labarin tafiyarsa da bakinsa. Sunan nan yakan ruɗi ɗalibai su ɗauka marubucin ne ya yi tafiyar, alhali a lokacin malamin makaranta ne a Katsina. Bugu da ƙari, duk abin da muka sani game da Malam Zurƙe, abokin hamayyar Alhaji, daga bakin Alhaji muka ji shi. Malami mai lura zai tambayi aji: da a ce Zurƙe ne aka ba damar ba da labarin, wa zai fito a matsayin mai laifi?

Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, ya fi wannan zurfi. A littafi na ɗaya aku ne ke ba ɗan sarki Musa labarai, kuma ba don hira kawai yake yi ba. Sarki ya fita yaƙi, waziri yana ƙulla makirci, aku kuwa so yake ya riƙe Musa a gida har gari ya waye. Saboda haka kowane labari yana da manufa biyu, abin da labarin ke faɗa da kuma abin da aku ke nema da shi. A ganinmu yaron da ya gane wannan ya riga ya kama bakin zaren darasin gaba ɗaya, domin ya fara tambayar kansa dalilin da ya sa ake gaya masa magana.

Gwaji daga kasuwa

Ga wani gwaji da muka tsara, wanda malami zai iya rubutawa a allo ko da babu littafi. Abu ɗaya ne ya faru, a lokacin da tumatir ya cika kasuwa, amma bakuna biyu suka faɗe shi.

Na farko ya ce: "Na kwana uku ina tsinka, na biya kuɗin mota, na kawo kwando goma. Dillali ya dube su a wulaƙance, wai sun fara laushi, ya taya da kuɗin da ko taki bai fitar mini ba."

Na biyu ya ce: "Manomin ya iso da rana tsaka, bayan motocin Kudu sun gama lodi. Na buɗe kwando, ashe na ƙasa sun fara ruwa. Duk da haka na taimaka na saya, don kada ya koma da su gida."

Yaron Hunkuyi ko Likoro ba ya bukatar a gaya masa wane ne manomi, wane ne dillali. Aikin malami shi ne ya sa shi ya nuna hujja. A zance na farko kalmar "wai" ta nuna mai maganar bai yarda tumatirin ya yi laushi ba. A na biyu "ashe" ta nuna dillali yana so mu yarda cewa shi ma abin mamaki ya ba shi. Manomi ya ce "ya taya", dillali ya ce "na taimaka". Har ila yau kowannensu ya bar wani abu bai faɗa ba: manomi bai ambaci makararsa ba, dillali kuma bai ambaci farashin da ya biya ba. Abin da aka ɓoye shi ma shaida ne, kuma shi ne mafi wuyar koya wa yaro, tun da babu shi a allo balle a nuna masa.

Hausa tana da wadatar irin waɗannan alamu. Idan rubutu yana cewa "na" da "muka", mai ba da labarin yana ciki, kuma iyakar abin da ya gani ko ya ji za mu sani. Idan yana cewa "ya" da "suka", yana waje ne. Mutum ɗaya ana iya kiransa mai tattali ko marowaci, jarumi ko mai taurin kai, gwargwadon yadda mai magana ya ɗauke shi. Haka kuma "ya rasu" da "ya mutu" ba su ɗauki girmamawa ɗaya ba.

Kurakuran da aka fi yi

Babban kuskure shi ne ɗaukar maganar tauraro a matsayin ra'ayin marubuci. A tatsuniya Gizo yakan yi ƙarya ya ci riba, amma wannan bai nuna mai tatsuniyar yana yabon ƙarya ba. Sai an duba yadda Gizo ya ƙare. Wani kuskuren daga malamai yake fitowa, inda akan rubuta amsa ɗaya a allo a ce yara su haddace. Tambayar ra'ayi tana iya karɓar amsa fiye da ɗaya, muddin yaro ya kawo kalma ko jimla daga cikin rubutun da ta goyi bayansa. Amsar da ba ta da hujja kuwa, ko ta yi daidai, sa'a ce.

Abin da ya shafi iyaye da jami'ai

Wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. Dagacin da aka kawo wa rikicin iyakar gona ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa, domin ya san idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ake so ke nan yaro ya iya yi da takarda. Gobe shi ne zai karanta wa mahaifinsa takardar tallan maganin feshi, da yarjejeniyar bashin taki, da takardun 'yan takara, da saƙonnin da ake turowa ta WhatsApp ba tare da an san wanda ya fara rubuta su ba. Idan bai saba tambayar wa ya rubuta da me yake nema ba, hasarar tana iya kaiwa ga amfanin shekara.

Iyayen da ba su yi boko ba su ma suna da rawar takawa. Bayan an yi tatsuniya da dare, ko an saurari wasan kwaikwayo a rediyo, a tambayi yaro yadda Ƙoƙi za ta ba da labarin da ita aka tambaya, a kuma bar shi ya kawo dalilinsa.

Ga masu duba makarantu da hedimastoci, muna ba da shawarar a riƙa buɗe littattafan aikin yara na aji huɗu zuwa shida a lokacin ziyara, a duba irin tambayoyin da aka yi musu. Idan duka wane ne da a ina ne, sai a zauna da malamin a ƙara tambaya ɗaya a ƙarshen kowane darasi, wadda za ta nemi ra'ayin mai magana da kalmar da ta nuna shi. A aji mai cunkoso ana iya raba yara gida biyu, ɓangare ɗaya ya riƙe maganar manomi, ɗaya ta dillali, sa'annan a sa su musanya. Alli da allo kawai wannan ke bukata.