Tarihin Shirin Ko-ta-kwana Game da Malalar Mai a Yankin Neja Delta

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta waiwayi yadda shirin tunkarar malalar ɗanyen mai ya samu a Nijeriya. Tarihi ya nuna cewa galibin matakan da aka ɗauka sun biyo bayan aukuwar wata masifa ce.

2.0 Mafari

An gano mai a Oloibiri a shekarar 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Dokar bututun mai ta 1956 ta fi mai da hankali ga lasisi da diyyar filayen da bututu ya ratsa. Sai da mai ya malala a tashar Forcados a 1979, rijiyar Funiwa kuma ta fashe a 1980, sannan kamfanonin mai suka kafa ƙungiyar Clean Nigeria Associates a 1981, domin tara kayan aikin da suka fi ƙarfin kamfani guda.

3.0 Shigowar Hukuma

A 1998 gobarar bututu a Jesse ta halaka ɗaruruwan mutane. A 2006 aka kafa hukumar NOSDRA, aka ɗora mata aiwatar da shirin ko-ta-kwana na ƙasa. Shirin ya kasu mataki uku. Ƙaramar malala tana wuyan kamfanin da ya jawo ta, matsakaiciya tana bukatar gudummawar sauran kamfanoni, babba kuwa sai an haɗa ƙarfin ƙasa da taimakon waje.

Sai dai kuma akwai rauni wajen binciken musabbabi. Masu binciken hukuma sukan dogara ga jiragen ruwan kamfanin da ake bincika kafin su isa wurin, alhali sakamakon binciken ne ke yanke batun diyya, domin kamfanoni ba su biya idan aka danganta malalar ga masu fasa bututu. Mutanen Bodo, waɗanda mai ya ɓata musu ruwa a 2008, ba su sami diyya ba sai a 2015. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ƙiyasta cewa gyara ƙasar Ogoni zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

4.0 Kammalawa

A 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin jihohin Bauci da Gombe. Darasin Neja Delta ga irin wannan sabon yanki shi ne a tanadi kayan aiki, da masu bincike masu cin gashin kansu, tun kafin a shimfiɗa bututu.