Buhari Na Haɗeja A Bakin Mutane

Duk wanda ya karanta Macbeth na Shakespeare a sakandare zai tuna cewa kafin gogan ya bayyana a dandali, sai da muka fara jin labarinsa a bakin wasu. Wani mayaƙi jina-jina ya yabi jarumtarsa, Sarki Duncan ya ƙara masa sarauta. A ƙarshen wasan kuma ɗan sarkin ya siffanta shi da mahauci. Mutum ɗaya ne, takobi ɗaya, masu hukunci ne suka sauya. Ni dai a tarihinmu ban ga wanda wannan riga ta yi wa daidai kamar Sarkin Haɗeja Buhari ɗan Sambo ba.

Buhari ya hau gadon sarauta a 1848. Ba a jima ba aka kashe Sarkin Auyo Nalara, ɗan uwansa, kuma shi aka ɗora wa jinin. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tura Waziri Abdulƙadir, a 1850 aka tuɓe Buhari, aka naɗa ɗan uwansa Ahmadu. Da wani ne, da labari ya ƙare a nan. Shi kuwa sai ya ja da baya, ya nemi goyon bayan Barno, ya tara dakaru, ya dawo a 1851 ya ƙwace garinsa. Ahmadu ya rasa ransa a wannan rikici. A 1853 aka haɗo masa runduna daga masarautu da dama, har da Galadiman Kano Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Maje Karofi. Suka haɗu a Kaffur, Buhari ya tarwatsa su.

To mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. A ma'aunin Sakkwato, Buhari ɗan tawaye ne da ya warware mubaya'a, kuma ta fuskar tsarin daular ba su yi ƙarya ba. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya ratsa ta Gumel a 1851, ya sake biyowa a 1854, ya rubuta ɓarnar da hare-haren Buhari suka yi wa garuruwan yankin. Amma ka shiga Haɗeja ka ambaci Gamon Kaffur, za ka ga fuskoki sun washe, domin a wurinsu shi ne namijin da ya hana a juya garinsu daga nesa.

A sana'armu ta rubutun littattafai mun saba raba mutane gida biyu, mugu da nagari, don mai saye ya san wanda zai tsine wa. Buhari ba ya shiga wannan buhu. Taurin kan da ya ci Kaffur, shi ne dai ya ci 'yan uwansa. Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, cikin masu hukuncin nan ba a cika jin muryar manomin fadama da masuncin da aka kama aka sayar ba, alhali su suka fi kowa sanin kaifin takobin.

Sakkwato ba ta taɓa samun damar hukunta shi ba. A 1863 ya kai wa Badawa yaƙi a Gogaram, a wannan yaƙi ajalinsa ya riske shi yana kan sarautarsa.