Yadda Faransa Ta Sa Fina-finan Amurka Suka Biya Kuɗin Nata

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, in ji Hausawa. Sana'ar fim kuwa tana cikin sana'o'in da suka fi bukatar ruwan ciki, gama sai an kashe dukiya mai yawa kafin ɗan kallo guda ya sayi tikiti. Ƙasashen Turai da dama sun ga sana'arsu ta durƙushe a gaban kamfanonin Amurka, amma ta Faransa tana tsaye. Dalilin haka yana cikin wata dabara da aka soma a shekara ta 1948.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Faransa cikin fatara da bashi. A 1946 Léon Blum ya tafi Washington neman agaji, a watan Mayu ya ƙulla yarjejeniya da James Byrnes, sakataren harkokin wajen Amurka. Aka yafe wa Faransa wani sashe na bashinta, aka ba ta sabon rance. To, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Cikin sharuɗɗan har da buɗe gidajen sinima ga fina-finan waje, aka keɓe wa na gida mako 4 kacal cikin kowane mako 13. Fina-finan Amurka da suka taru tun lokacin da Jamusawa suka hana nuna su suka kwararo. Da yake sun riga sun mai da kuɗinsu a gida, ana iya ba da hayarsu da araha, abin da mai shirya fim a Paris ba zai iya ba.

A watan Janairu na 1948 dubban ma'aikatan sana'ar suka yi zanga-zanga a Paris, har da shahararrun 'yan wasa irin su Jean Marais da Simone Signoret. A watan Satumba aka gyara yarjejeniyar, mako 4 ya koma 5. Amma abin da ya fi wannan amfani shi ne dokar da majalisa ta zartar a watan, wadda ta aza haraji a kan kowane tikiti, ko na fim ɗin gida ko na waje. Kuɗin yana shiga wani asusu ne a hannun hukumar sinima ta ƙasa, watau CNC, wadda aka kafa a 1946. Harajin ya kai wajen kashi 11 cikin 100 na kuɗin tikiti.

Tsarin ya yi kama da adashi, sai dai kowa na zubi, 'yan gida kaɗai ke kwasa. Mai shirya fim yana samun rabo gwargwadon yawan mutanen da suka kalli fim ɗinsa, da sharaɗin ya zuba shi a fim na gaba. Masu rarraba fina-finai da masu gidajen sinima su ma suna da nasu rabo. A 1959, zamanin da marubuci André Malraux yake ministan al'adu, aka ƙara wani rance marar ruwa domin fim ɗin da 'yan kasuwa ke tsoron sa wa kuɗi, wanda ake biya in an yi ciniki.

Sai telebijin ya zo. A 1957 an sayar da tikiti fiye da miliyan 400, amma a 1992 adadin ya faɗi zuwa miliyan 116. Gwamnati ba ta sake dabara ba, ta dai bi 'yan kallo inda suka koma. Aka aza wa tashoshin telebijin haraji, aka kuma wajabta wa tashar Canal+, wadda aka buɗe a 1984, ta riƙa zuba wani kaso na kuɗinta a fina-finai. A 2021 irin wannan wajibi ya hau kan Netflix da takwarorinsa na intanet.

Tsarin bai rasa masu suka ba. Suna cewa ana shirya fina-finai da yawa waɗanda ba su mai da ko rabin kuɗinsu, kuma tallafi yana sa wasu su manta da ɗan kallo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Duk da haka, a 2024 an sayar da tikiti wajen miliyan 181, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na fina-finan gida ne, rabon da babu wata babbar ƙasa a Yammacin Turai da ta samu.

Mai karatu zai lura Faransa ba ta rufe ƙofa ga baƙo ba. Lokacin da fim ɗin Titanic ya tara mutum fiye da miliyan 20 a 1998, kowane tikitinsa ya bar wani abu a asusun da ake shirya fina-finan Faransa da shi. Duk ƙasar da ke son sana'arta ta fim ta ɗore, sai ta fara da sanin inda kuɗin ɗan kallo yake tafiya bayan ya miƙa shi a bakin ƙofa.