Tarihin Halbi da Farauta a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Yau za mu duba tarihin wata tsohuwar sana'a ta ƙasarmu, wato halbi. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin barewa a daji ba. Jimina da raƙumin dawa kuwa sai a hoto. Amma kakanninmu sun zauna da waɗannan dabbobi, sun ci namansu, sun yi aiki da fatunsu. Ina suka tafi? Me ya kore su? Ko akwai dabarar da za ta maido da wasunsu?

Mahalbi, mai buɗe hanya

A tarihin garuruwan Hausa da yawa, mahalbi ne farkon zuwa. Ko a Kano, littafin tarihin garin ya ce Barbushe, wanda ya zauna a dutsen Dala, babban mahalbi ne. Dalili a fili yake. Mahalbi shi ya san dawa. Ya san inda tabki yake, da inda ruwa bai da zurfi, da inda ƙasa ke da ƙarfi. In ya sami wuri mai kyau sai ya kafa bukka. Daga baya manoma su biyo shi, a gina rijiya, a yi sassabe, gari ya kafu.

A ƙarni na 19 dawa yana da faɗi ƙwarai a wannan yanki. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har suka zauna Maraɗi. Yaƙi ya daɗe tsakanin ɓangarorin biyu. Mutane suka taru cikin garuruwa masu shinge ko ganuwa, don tsoron hari. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu 1851. Daga nan ya bi ta Gazawa zuwa Katsina, ya ratsa ƙungurmin daji wanda yaƙi ya hana mutane zama cikinsa. Inda mutum ya guje wa, nan naman daji ke hayayyafa.

Halbi daban, farauta daban

Halbi sana'ar gado ce. Ɗa yana koyo wurin ubansa. Mahalbi yakan fita shi kaɗai, ko su biyu su uku. Kayan aikinsa baka ne da kwari cike da kibau. Ana shafa wa kibiya dafi, wanda akan dafa da ƴaƴan ƙwanƙwani. Yana kafa tarko, yana bin sawu. Wani yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya duƙa yana tafiya kamar tsuntsun, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Daga baya bindiga adaka ta shigo, maƙera suka iya gyaranta da ƙera ta.

Mahalba suna da shugabansu, sarkin mahalba ko sarkin baka. Suna da makaɗansu masu kaɗa komo, wato babbar garaya. Kuma su ne masana itatuwa da saiwoyi, shi ya sa har yau ake neman magani wurinsu a kasuwa.

Farauta kuwa ta kowa da kowa ce. Da rani ake yinta, bayan an kai amfanin gona rumbu. Samarin garuruwa da yawa su sa rana su haɗu, da karnuka da gora da kulki da gatari. Ana kiɗa, ana kirari, ana kora zomo da gada da zabin daji. Wani lokaci rigima ta tashi a kan nama, sai manya sun shiga tsakani. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Dokar kakanni

Kada mu ɗauka mutanen da suna kisa ba ƙa'ida. Wurin Anna, masu bin addinin gargajiya, daji yana da masu shi, wato iskoki. Ba a shiga farauta sai an yi buɗin daji. Ranar nan shugabannin gargajiya suke yin tsafinsu, su duba yadda shekara za ta kasance, sannan su ba da izini. Har yanzu ana yin wannan biki a Masalata, kusa da Birnin Ƙonni. Da damina ta faɗi kowa ya koma gona, daji ya huta, dabbobi su haihu, zabi su ƙyanƙyashe.

Musulunci ma ya zo da nasa sharaɗi. Mai halbi zai ambaci sunan Allah lokacin da zai saki kibiya ko karen da aka horar. Kuma malamai sun hana kashe rai don wasa kawai.

Yadda dawa ya ƙare

Da Turawan Faransa suka kama ƙasa a farkon ƙarni na 20, hare-hare suka tsaya. Mutane suka fita daga manyan garuruwa neman sabuwar gona. Suka yi arewa, suka bi Gulbin Kaba, suka wuce. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Mayahi a wannan zamani aka kafa su. Haraji ya sa kowa neman kuɗi, noman gyaɗa ya bunƙasa har zuwa shekarun 1960. Jama'a ta ƙaru, gona ta haɗu da gona. Saurar da akan bari ta huta shekaru da yawa aka daina barinta.

Ga kuma bindigar zamani da mota. Mai baka yakan yini bin barewa ɗaya. Mai mota da bindiga yakan kashe garke cikin dare guda.

Sai fari ya zo ya ƙarasa. An yi na 1973 da 1974, aka sake yin na 1984, wanda mutanen Maraɗi suka sa wa suna El Buhari. Ciyawa ta ƙone, tabkuna suka ƙafe, mai yunwa ya sare itace ya kai kasuwa. Mariri, wanda a da yake yawo garke-garke a arewa, ya ɓace daga Nijar. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a ƙasar, dukansu a yamma, wajen Kure kusa da Yamai.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙari. A 1955 aka keɓe dajin Gadabeji, hekta 76.000, a arewacin jihar Maraɗi. A 1962 aka yi dokar farauta. A farkon shekarun 1970 aka rufe farauta a ƙasa baki ɗaya. Ranar 29 ga Afrilu 1998 aka fito da sabuwar doka, wadda ta tsara takardun izini iri-iri, har da na farautar gargajiya, ta kuma jera dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan.

Abin da ya faru a Amurka

Ba mu kaɗai wannan abu ya sama ba. A Amurka akwai wata irin ɓauna mai doro da gashi. A farkon ƙarni na 19 yawanta ya kai miliyoyi. Ƴan asalin ƙasar da ita suke rayuwa: nama, tufafi, har tantin kwana. Da Turawa suka kutsa yamma da jirgin ƙasa da bindiga, suka yi ta kashe ta don sayar da fata. Kafin 1890 abin da ya rage a daji bai kai dubu ɗaya ba. Akwai kuma wata kurciyar daji da garkenta kan rufe rana. Ta ƙarshenta ta mutu a gidan ajiye dabbobi a 1914.

Sai mutanen ƙasar suka farga, mafarauta na cikin na gaba. A 1900 aka hana fataucin naman da aka kashe ba bisa doka ba. Aka sa lokacin buɗe farauta da na rufewa, aka ƙayyade yawan abin da mutum zai kashe. A 1937 aka yi doka cewa harajin bindiga da harsashi a kashe shi wajen kula da namun daji. Barewarsu da ta kusa ƙarewa ta dawo da yawa, ɓaunar ma ta tsira. Ku duba da kyau: lokacin buɗewa da lokacin rufewa, ai shi ne buɗin dajin kakanninmu.

Abin da ya rage gare mu

Dawan da ba zai dawo yadda yake ba, domin gonaki sun cinye shi, kuma dole mu ci abinci. Amma akwai alamun alheri. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka kama sassabin zamani, suna barin tohon itace a gona suna gyara shi. Gawo da kalgo da sabara sun dawo a miliyoyin hekta. Inda itace ya dawo, zomo da fakara da zabo suna samun maɓoya. A watan Nuwamba 2018 kuma aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure aka kai su Gadabeji, bayan yawansu a ƙasa ya haura 600.

To ƴan'uwa, ga aikinmu. Kada mu sa wa daji wuta don kama gafiya. Kada mu kwashe ƙwan zabon daji. Mu ƙyale mai ciki da mai shayarwa. Wanda zai yi halbi ya nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku je wurin tsofaffin mahalban garinku. Ku tambaye su sunayen dabbobin da suka gani, da inda suka gan su, da wanda ya fara saran garin. Ku rubuta ku aiko mana, mu buga kowa ya karanta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.