Ranar da Amurka Ta Saki Linzamin Intanet

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato domin yaƙi da 'yan bindiga, mu mutanen Tambuwal mun gane cewa intanet tana da makunni, kuma makunnin yana hannun wani. Mai POS ya naɗe hannu, ɗan kasuwa ya koma aika saƙo ta hannun direba. Wancan makunni na gida ne, mun san ofisoshin da yake. Akwai kuma wani mabuɗi da ya fi shi nisa, wanda aka sauya masa mariƙi a 2016 ba tare da yawancinmu mun ji labari ba.

Duk adireshin da mutum ya rubuta, sai na'urarsa ta tambayi wani babban kundi: ina .ng take, wa ke riƙe da .org? Uwar kundin guda ɗaya ce a duniya, kuma aikin kula da ita da rabon lambobin adireshi shi ake kira IANA. Shekaru da dama aikin yana hannun wani masanin kwamfuta na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Jon Postel, bisa kwantiragin gwamnatin Amurka. Mutum ne da abokan aikinsa suka yarda da shi matuƙa. A watan Janairu na 1998 ya aika wa masu kula da takwas daga cikin manyan na'urorin kundin saƙo cewa su riƙa ɗaukar bayani daga tasa na'urar, suka kuwa bi umarninsa. Fadar shugaban Amurka ta sa ya janye. A shekarar aka kafa ICANN, kamfani marar neman riba mai rajista a Kalifoniya, Postel kuma ya rasu a watan Oktoba. Daga nan aikin ya koma hannun ICANN, amma da sharaɗi: Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ce ke ba da kwantiragin, ita ce kuma ke sa hannu kafin a taɓa uwar kundin.

Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan rikici tun da wuri. An ba ƙasar .ng a 1995, Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba ce ke riƙe da ragamar, aikin fasahar kuwa daga ƙetare ake yinsa. Da sunan ya fara daraja sai ja-in-ja ta tashi kan wanda ya dace ya riƙe shi, har sai da Shugaba Obasanjo ya shiga tsakani a 2004, aka damƙa wa hukumar NITDA riƙon ƙwarya. A 2005 masu ruwa da tsaki suka kafa ƙungiyar NiRA, wadda ta karɓi amanar a hukumance a 2009. Amanar da ta zauna lafiya a hannun mutum ɗaya lokacin da ba kowa ke kallonta, sai da aka shekara biyar kafin a gama gina mata gida.

A matakin duniya, abin da ya tayar da ƙura shi ne tonon sililin da Edward Snowden ya yi a watan Yuni na 2013 kan leƙen asirin Amurka. Kundin sunaye ba shi da hannu a leƙen, amma amincewa ta riga ta zube. Ranar 14 ga Maris 2014 Amurka ta sanar cewa za ta saki linzamin, muddin ba wata gwamnati ko ƙungiyar gwamnatoci ce za ta gaje ta ba. Sai dai a miƙa wa taron masu ruwa da tsaki: injiniyoyi, 'yan kasuwa, ƙungiyoyin farar hula, masu amfani da intanet, da gwamnatoci a matsayin masu ba da shawara.

A nan ne aka gano inda gizo ke saƙa. Sa hannun da jami'in Amurka ke yi aikin akawu ne kawai. Ainihin ƙarfin kwantiragin shi ne ana iya ƙwace shi a ba wani, kuma wannan barazana ce bulalar da ke rataye a kan shugabannin ICANN. In an ɗauke ta, wa zai tsawata musu? ICANN ba ta da mambobin da doka ta ba ikon tuhumar daraktocinta. Jama'a na zaɓen wasunsu, amma ba su da hanyar tilasta musu sauka. Mu a ƙasar Sakkwato ba sai an yi mana dogon bayani ba: masu zaɓen sarki daban, mai ikon tsigewa daban, kamar yadda aka gani a 1996 lokacin da gwamnatin soja ta sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki. Wanda ke iya saukewa, shi ake saurare.

Wata shari'a da ta shafi nahiyarmu ta ƙara wa masu wannan damuwa hujja. A watan Yuli na 2015 kwamitin bita mai zaman kansa ya yanke cewa daraktocin ICANN sun saɓa wa dokokinsu wajen watsi da takardar ɗaya daga cikin masu neman .africa.

Saboda haka aka ɗaure batun miƙa amanar da batun ba da bahasi, aka ce ba za a yi ɗaya ba sai da ɗayan. Bayan fiye da shekara ana tarurruka, aka miƙa daftarin a birnin Marakesh na Maroko ranar 10 ga Maris 2016. Daftarin ya ƙirƙiro wata majalisa da doka ta san da zamanta, mai rukunai biyar: masu rabon lambobin adireshi, masu riƙe sunayen ƙasashe irin su NiRA, masu harkar sunaye irin su .com, wakilan masu amfani da intanet, da kwamitin gwamnatoci. An ba ta ikon ƙin kasafin kuɗi, da ƙin sauyin dokoki, da cire darakta, har da rushe hukumar gudanarwar baki ɗaya, kuma tana iya zuwa kotu. Sanata Ted Cruz ya yi ta kururuwar cewa an sallama intanet ga Rasha da Sin, jihohi huɗu suka shigar da ƙara, alƙali a Texas ya ƙi dakatar da shirin. Kwantiragin ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2016. Washegari kowa ya buɗe wayarsa bai ga bambanci ba.

A ganina an yi dabara mai kyau, kuma ta nuna amfaninta a 2022 lokacin da Yukiren ta nemi a goge .ru daga kundin, ICANN ta ce ba huruminta ba ne. Sai dai takobin da aka ƙera bai taɓa barin kube ba, kuma majalisar ta fi jin muryar wanda ke da Turanci da biza da kuɗin jirgi. Malamin makaranta a Kebbe mai ruwa da tsaki ne a takarda kawai.

Babban gwajin ya zo a watan Nuwamba na 2019, da aka shirya sayar da ƙungiyar da ke riƙe da .org ga wani kamfanin zuba jari, Ethos Capital, kan dala biliyan 1.135. Ƙungiyoyin agaji na duniya suka yi ca. Majalisar nan mai rukunai biyar ba ta rushe kowa ba. A tsakiyar Afrilu na 2020 babban lauyan jihar Kalifoniya, Xavier Becerra, wanda dokar jihar ta ba ikon sa ido kan kamfanoni irin ICANN, ya rubuta wasiƙa yana neman a ƙi cinikin. Ranar 30 ga watan daraktoci suka ƙi shi.